Katin hoto ko RAM: wanne zan fara canzawa tunda kuɗin ba za su isa komai ba?

Sabon Shiga ya rubuta:

Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka riga ni sanin cikin kwamfuta, domin na kusa wata biyu ina jujjuya wannan magana a raina ban tsayar da shawara ba. Kwamfutar tebur ce da yayana ya bar mini, an haɗa ta a shekarar 2018, kuma abin da ke cikinta shi ne firosesa (ƙwaƙwalwar kwamfuta) Ryzen 5 2600, madabod (babban allon da komai ke haɗe a kansa) mai B450, sandar RAM (ma'adanar wucin gadi da shirye-shirye ke aiki a cikinta) guda ɗaya ta 8GB ƙirar DDR4, katin hoto (mai zana hoton da allo ke nunawa) GTX 1050 Ti mai ma'adana 4GB, sai kuma faifan ajiya na SSD da ni na ƙara daga baya. Allona 1080p ne mai sabunta hoto sau 60 a daƙiƙa, kuma ba ni da niyyar canza shi nan kusa.

Tsofaffin wasanni irin su GTA V suna tafiya lami lafiya. Sababbin ne suka tona asirin na'urar. A Cyberpunk 2077, alal misali, ko da na mayar da kowane saiti ƙasa, ina cikin tuƙi a tsakiyar gari sai hoton ya daskare na ƙiftawar ido, sannan ya yi tsalle ya ci gaba kamar mai in'ina, kuma abin yakan ƙara muni idan na manta burauza a buɗe. Ko a lokacin da bai daskare ba, tafiyar tana da nauyi, ba ta da santsin da nake gani a wajen wasu.

Abin da na tara zai iya yi mini ɗaya daga cikin biyu. Ko dai in sayi katin RTX 3060 mai 12GB na hannu, wanda zai cinye kuɗin kakaf, ko kuma in sayi katin da bai kai shi ba, in ƙara RAM da ragowar. Wani abokina ya dage cewa RAM ba ta da tasiri a wasa, in zuba komai a kati kawai. Na kuma ga katin RX 6500 XT sabo fil da garantinsa, raina yana ɗan karkata gare shi saboda tsoron kayan hannu. Idan RAM ɗin ce za a ƙara, shin zan iya haɗa sabuwar sanda da tsohuwar, ko dole sai na cire ta? Allah Ya saka da alheri.

Tsohon Makaniki ya amsa:

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Kafin ka sa hannu a aljihu, ka ba kanka dare ɗaya na awo, domin bayaninka ya nuna cuta biyu ce take damun na'urar, kuma maganin ɗaya ba ya warkar da ɗayar. Nauyin tafiya da kake ji kowane lokaci ƙarancin firam ne, wato hotunan da ke jeruwa a allo kowace daƙiƙa, wanda galibi laifin kati ne. Daskarewar nan ta ƙiftawar ido kuwa wani abu ne daban. Idan wasa yana ba da firam 60 a daƙiƙa, kowane firam yana ɗaukar milisakan 16.7, to da zarar guda ɗaya ya ɗauki 100 ko 200 saboda yana jiran bayanai, ido zai kama shi nan take, ko da matsakaicin lissafin bai sauka sosai ba.

Ka sauke manhajar MSI Afterburner tare da RivaTuner da ke zuwa da ita, ka sa su nuna maka a gefen allo yawan aikin da kati yake yi, yawan ma'adanar kati da aka cika, yawan RAM da aka cika, da kuma tsawon lokacin kowane firam. Sai ka koma wurin nan da hoton ya saba daskarewa. Idan aikin kati yana zaune a kan kashi 97 zuwa 99 cikin ɗari, to iyakar ƙarfinsa ke nan. Idan kuwa a daidai lokacin daskarewar ka ga aikin kati ya faɗo, alhali RAM ta cika ta batse, to katin zaman jira yake yi, ba shi ne mai laifin wannan ba. Dalili shi ne Windows da sauran shirye-shiryen da ke aiki a bayan fage sukan riƙe gigabait uku ko fiye tun kafin ka buɗe wasa, kuma idan wuri ya ƙare sai a fara sauke kaya a kan faifan ajiya. SSD irin na SATA ba ya wuce kusan megabait 550 a daƙiƙa, sandar DDR4-2400 guda ɗaya kuwa tana kai gigabait 19.2, wato ta ninka shi fiye da sau talatin. Wannan ratar ita ce in'inar da kake gani. Ka kuma sani cewa masu ƙera wasan Cyberpunk 2077 sun ɗaga mafi ƙarancin buƙatarsa a 2023 zuwa RAM 12GB da kati mai 6GB, saboda haka ta fuska biyun duka kana ƙasa da layi.

Abokinka ya faɗi rabin gaskiya ne. Ga wanda yake da 16GB a sanda biyu, ƙarin RAM ba zai ƙara masa firam a yawancin wasanni ba. Kai ba a nan kake ba, domin ban da ƙarancin wuri, sanda ɗaya ce a na'urarka. Firosesarka tana da hanya biyu ta magana da RAM, kowacce mai faɗin bit 64, kuma muddin sanda ɗaya ce a ciki, hanya ɗaya a rufe take. Sanda ta biyu za ta ɗaga gigabait 19.2 ɗin nan zuwa 38.4, kuma na'urorin Ryzen na wancan zamanin suna jin wannan a jikinsu ƙwarai, saboda saurin mahaɗar cikinsu da ake kira Infinity Fabric a ɗaure yake da saurin RAM. A madabod mai gurbi huɗu, yawanci gurbi na biyu da na huɗu ake cikawa idan aka ƙirgo daga wajen firosesa, su ne A2 da B2, amma ka duba littafin madabod ɗinka ya tabbatar maka.

Batun haɗa sabuwa da tsohuwa, galibi yana yiwuwa, sai dai duka biyun za su koma tafiya da saurin wadda ta fi rauni, wani lokacin kuma sukan ƙi jituwa. Ni da son samu ne, da na ce ka sayi sanda biyu na 8GB da aka sayar tare, DDR4-3200 CL16, ka sayar da tsohuwar. Ka lura da lambar CL ɗin, mai nuna jinkirin RAM kafin ta amsa, domin a saurin 3200, CL16 na nufin jinkirin nanosakan 10, CL22 kuwa 13.75. Saurin da AMD ta amince wa Ryzen 5 2600 a hukumance shi ne 2933, don haka idan ka kunna XMP, saitin da ke ba RAM cikakken saurinta, a BIOS, wato shafin saitin madabod (a madabod ɗin ASUS sunan saitin DOCP), ka ga 3200 ya ƙi zama, ka sauko 2933 hankalinka kwance. Kada wani ya sayar maka da DDR5 da sunan ta fi sabunta, ba za ta shiga gurbinka ba domin tsagar da ke ƙasanta ba a wuri ɗaya take da ta DDR4 ba, haka nan gajerun sandunan kwamfutar cinya.

Mai Sukundireba ya amsa:

Na yarda da Malam Tsohon Makaniki a kan awo da kuma sanda ta biyu, amma da izininsa zan saɓa masa a wuri ɗaya. Wanda yake ƙirga abin da ke hannunsa bai kamata ya zubar da lafiyayyar sanda don neman 3200 ba. Bambancin sanda ɗaya da biyu babba ne, bambancin 2400 da 2933 kuwa ƙarami ne idan aka gwada da shi, musamman a allo mai 60. Ka buɗe manhajar CPU-Z, mai nuna bayanan kayan cikin kwamfuta, ka shiga shafin SPD, ka kwafe lambar sandar da saurinta da CL ɗinta, ka nemo irinta sak ko mafi kusa da ita. RAM tana cikin kayan da ba su cika lalacewa ba, shi ya sa ba na jin tsoron ta hannu. Abin da ka rage a nan ka kai shi wurin kati.

RX 6500 XT ɗin da ranka ya biya, ka cire shi daga lissafi. Ma'adanarsa 4GB ce, daidai da abin da kake gudu, sannan layi huɗu kacal yake amfani da su a gurbin PCIe, inda ake cusa kati a madabod. An ƙera shi ne da tunanin PCIe 4.0, madabod ɗinka kuwa 3.0 ne, inda kowane layi ke ɗaukar kusan gigabait ɗaya a daƙiƙa. Ke nan duk lokacin da 4GB ɗin suka cika, katin zai riƙa janyo kaya ta ƙofa mai faɗin gigabait huɗu, alhali tsohon katinka yana da layi goma sha shida. Garanti ba zai gyara wannan ba, tunda ba lalacewa ba ce, haka ƙirarsa take. Katunan Intel Arc ma ba naka ba ne a yanzu, domin suna dogara da Resizable BAR, tsarin da ke ba firosesa damar isa ga dukkan ma'adanar kati kai tsaye, kuma kamfanin Intel da kansa daga Ryzen 3000 zuwa sama yake lissafa firosesan AMD da suka dace da su.

Wanda nake gani ya dace da kai shi ne RX 6600, wanda ya fito a watan Oktoban 2021, mai 8GB, mai jan wat 132 da fulogi ɗaya mai ƙafa takwas. Layi takwas yake amfani da su, kuma asarar da yake yi a PCIe 3.0 kaɗan ce. Ya ninka 1050 Ti fiye da sau biyu, nesa ba kusa ba, kuma tsakaninsa da RTX 3060 a 1080p tazarar ba ta da yawa. Abin da 3060 ya fi shi da shi shi ne 12GB da DLSS, dabarar Nvidia ta ƙara yawan firam, kodayake takwaransa FSR na AMD yana aiki a kan kusan kowane kati. Idan har 3060 ɗin ka nace, ka karanta kwalin da kyau, domin akwai wani mai 8GB da ya fito daga baya da suna iri ɗaya, wanda aka rage masa faɗin hanyar ma'adana daga bit 192 zuwa 128, kuma bai kai na asalin sauri ba.

Amma akwai abin da ba ka ambata ba sam, kuma shi ne ya fi tsaya mini a rai: na'urar raba wuta, wato PSU. GTX 1050 Ti wat 75 yake ja, kuma yawancinsu daga gurbin madabod suke samun wutar gaba ɗaya, ma'ana duk tsawon shekarun nan babu wanda ya taɓa gwada ƙarfin mai raba wutarka. Ka kashe, ka zare waya daga bango, ka buɗe murfin gefe, ka karanta takardar da ke manne a jikinsa. Kada babbar lambar da ke sama ta ruɗe ka, ka nemi inda aka rubuta +12V, ka ninka amfiya ɗin da ke ƙarƙashinsa da 12, abin da ya fito shi ne wutar da kati da firosesa za su raba. AMD ta ba da shawarar wat 450 ga RX 6600, Nvidia kuma 550 ga RTX 3060 mai jan 170. Ka kuma duba ko akwai fulogi mai ƙafa shida, wanda aka tsara wa wat 75, ko mai takwas na wat 150. Idan babu, kada ka yarda da 'yar wayar nan da ke juya fulogin SATA ya koma na kati, domin fulogin SATA bai wuce kusan wat 54 a layin 12V ba. Ni na taɓa yin wannan gangancin, kuma sati uku ya yi yana aiki kafin wani dare in ji ƙaurin roba, na buɗe na tarar bakin fulogin ya narke ya yi baƙi ƙirin. Allah Ya tsare katin, amma ban sake ba. Tunda ka riga ka buɗe, ka sa rula ka auna daga bayan akwatin zuwa inda kejin faifai ya fara, don kada ka sayo katin da murfi ba zai rufu a kansa ba.

Maman Tagwaye ta amsa:

Ƙanena, tsoron kayan hannu da kake yi yana da tushe, amma maganinsa gwaji ne. Tun da Ethereum, ɗaya daga cikin kuɗaɗen kirifto, ta daina amfani da katunan hoto wajen haƙa, wato samar da sababbin kuɗinta, a watan Satumban 2022, katuna masu yawa da suka yi wannan aikin suka shigo hannun masu sayarwa. Ba duka ne matattu ba, domin da yawa daga masu haƙar suna rage musu wuta, amma fankokinsu sun yi ta juyawa dare da rana, kuma man da ke tsakanin ƙwayar kati da ƙarfen sanyaya yakan bushe.

Na sayi kati na hannu sau uku don na'urar da yarana suke wasa da ita. Na farkon jabu ne. Takardar jikinsa ta ce abu ɗaya, Windows ma ya nuna sunan, amma wasa yana buɗewa sai allo ya cika da ɗigo-ɗigo masu kore, da na buɗe manhajar GPU-Z mai nuna bayanan kati kuwa sai ga tsohuwar ƙwaya ce aka sauya wa suna a BIOS. Da na san abin da na sani yanzu, ramin VGA mai shuɗi da ke bayansa ya isa ya sa in yi shakka, tunda Nvidia ta daina gina wannan tsohuwar hanyar a cikin ƙwayoyinta tun daga jerin GTX 10. Daga ranar ba na biya sai an kunna a gabana. Nakan buɗe GPU-Z in gwada lambobinsa da na katin gaskiya, sannan a bar shi da wasa mai nauyi ko manhajar gwajin kati ta FurMark na minti ashirin zuwa talatin, ina kallon zafi, ina kasa kunne ga fanka ko za ta yi ƙarar karce, ina kuma lura ko saurin katin zai riƙa faɗuwa idan ya ɗau zafi. Nakan gwada kowane ramin HDMI da DisplayPort, in kuma leƙa sukurorin baya in ga ko an taɓa kwance su. Mai sayarwar da ya ce ba shi da lokacin gwaji, ni ma ba ni da lokacin ciniki.

Idan RX 6600 ɗin ka ɗauka, ka tuna daga Nvidia za ka koma AMD. Ka sauke DDU, manhajar share direba, da sabon direban AMD, wato manhajar da ke sarrafa katin, tukuna, ka shiga yanayin kariya na Windows ka share tsohon direba da shi, sannan ka kashe ka sauya katin.

Sabon Shiga ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Malamai, ke ma Yaya na gode. Na yi awon daren jiya, kuma kamar kuna tsaye a bayana. Aikin kati yana kan 99 kusan kowane lokaci, ma'adanarsa ta cika har 3.9, RAM tana kan 7.4, kuma duk lokacin da hoton ya daskare aikin katin yakan faɗo ƙasa da rabi. Sandar DDR4-2400 ce CL17, kuma a gurbin farko na same ta, wanda yake manne da firosesa.

Mai raba wutar ne ya kashe mini jiki. Irin wanda ke zuwa tare da akwati ne, an rubuta 500W da manyan baƙaƙe, amma a ƙarƙashin +12V amfiya 24 ne, wato wat 288, kuma na bi wayoyin ɗaya bayan ɗaya ban ga mai ƙafa shida ko takwas ba. Da na bi son raina na sayo 3060, da yanzu ina zaune ina kallonsa a kwali. Tsawon wurin kati kuwa santimita 27 ne.

Abin da na tsayar shi ne sabon mai raba wuta na wat 550 mai tambarin 80 Plus Bronze, sanda ɗaya irin tawa, da RX 6600 na hannu. Kuɗin sun ɗan gaza, don haka ina tunanin in fara sayar da 1050 Ti ɗin in cike, in lallaɓa da ramin HDMI na madabod kafin sabon ya zo. Sannan ina tambaya, shin firosesar tawa ba za ta riƙe wa sabon katin ƙafa ba?

Tsohon Makaniki ya amsa:

Kada ka sayar da shi tukuna, ɗan'uwa. Ryzen 5 2600 ba ta da sashen hoto a cikinta, kuma ramin HDMI da kake gani a bayan madabod an tanade shi ne don firosesa masu harafin G a ƙarshen suna, irin su 2400G. Ranar da ka cire katin, allonka baƙi zai zama, ko BIOS ba za ka gani ba. Ban da haka, tsohon katin shi ne abin gwajinka, domin idan na hannun ya zo ya ƙi nuna hoto, da shi kaɗai za ka gane ko laifin katin ne ko na wani abu. Gara ka jinkirta sayen katin har kuɗin su cika.

Na janye maganata a kan sanda biyu sababbi, tunda mai raba wuta ya shigo lissafi, Mai Sukundireba ya fi ni gaskiya a nan. Sai dai ka sani tambarin 80 Plus yana auna yawan wutar da ba ta ɓata a matsayin zafi ne kawai, ba shaidar ingancin kayan ciki ba ce, don haka ka duba tsawon garantin, ka kuma tabbatar amfiya ɗin +12V sun kusa cika wat 550 ɗin, wato 45 ko kusa da haka. Idan irin wanda ake cire wa wayoyi ne, wayoyin da suka zo a kwalinsa kaɗai za ka sa masa.

Game da firosesa, a allo mai 60 za ta wadatar a yawancin wasanni, kodayake a wuraren cunkoson jama'a a sababbin wasanni za ka ga aikin kati ya sauka ƙasa da 90 saboda ita. Wannan ba matsalar bana ba ce. Gurbin firosesa irin AM4 ne da kai, kuma yawancin madabod masu B450 suna karɓar Ryzen 5 5600 ta 2022 bayan an sabunta BIOS, da RAM ɗinka da komai.

Ka riƙa sauya abu ɗaya a lokaci guda. Ka fara da RAM, ka mayar da tsohuwar sanda gurbi na biyu, sabuwar ta shiga na huɗu, ka danna kowacce har maƙallin ya ce ƙas. Idan ka kunna allon ya yi kusan minti ɗaya bai nuna komai ba, ko na'urar ta kashe kanta ta sake tashi, kada ka firgita, madabod ne yake daidaita sandunan. Ka duba CPU-Z ya nuna maka hanya biyu suna aiki, ka bar MemTest86 ya kwana yana gwajin RAM ɗin, sannan ka koma wurin nan da hoton ke daskarewa da tsohon katinka, ka zo ka faɗa mana abin da ka gani. Bayan nan sai mai raba wuta, ka yi kwana biyu da shi, sannan kati. Wajen zare 1050 Ti ɗin, akwai ɗan maƙalli na roba a ƙarshen gurbin, a ɓoye ƙarƙashin katin. Ka danna shi da yatsa kafin ka ja, kada ka sa bakin sukundireba, domin idan ya zame a kan layukan madabod zai sauka.